Hon ɗin Motar Baba

"Mayar da wannan kwalinsa," in ji Malam Sule mai wayarin, bai ko kalli sabon hon ɗin da na sayo ba.

Tsohuwar motar marigayi Baba na kai masa garejinsa a Ƙofar Dawanau. Ta girme ni, kuma hon ɗinta ya daɗe da mutuwa. Lungunmu a Gwammaja mota ba ta shiga, don haka Baba a bakin titi yake fakawa ya danna hon sau biyu, Hajiya mahaifiyarmu ta san ya dawo.

Malam Sule ya kwance tsohon, ya taɓa wayarsa a batir, muka ji ƙas. Ya ce, "Da ransa, tsatsa ce ta shaƙe shi."

Ya buɗe, ya goge da samfefa, ya ɗaura. Ƙara ta fito, amma a dishe. Ya nuna mini wani ɗan ƙaramin noti a baya, ya ce da shi ake saita murya. "Yaya muryarsa take a da?"

Kunya ta kama ni, na manta.

"To kira wadda ba ta manta ba."

Na kira Hajiya a waya. Yana murɗawa kaɗan-kaɗan yana dannawa, tana cewa, "A'a, ya yi kauri... yanzu kuma ya yi siriri." Can ya ɗan ƙara murɗawa, ya sake dannawa.

Da ƙyar ta ce, "Allah Ya jiƙan Alhaji."

Malam Sule ya ajiye sukundireba.

Ni ƙara na je nema, shi ya san murya ce ta ɓata. Ku wane sauti ne har yau ke dawo muku da naku?