Tafin Hannun Maharazu a Kujerar Direba

Da an sallame sallar asuba a masallacin tashar Illela, kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Maharazu yakan bi layin motocin Sakkwato ɗaya bayan ɗaya. Ba ya buɗe injin kowa, ba ya duba taya. Gambun direba yake buɗewa, ya sunkuya, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan kujera, ya danna, ya ɗan tsaya kamar mai sauraron wani abu, sannan ya rufe ya wuce ta gaba. Ba wanda ya sa shi wannan aiki. Sai ya gama zagayen yake komawa rumfarsa ta ƙarƙashin dogonyaro, inda keken ɗinkinsa yake, da tarin soso da leda da basilla, ya fara sana'ar da aka san shi da ita, wato ɗinkin kujerun mota. Shekara talatin da takwas ke nan. A ƙarshen watan nan zai ajiye basilla, domin idanunsa sun daina ganin zare, kuma tun ranar da na ji haka tsoro bai sake ni ba.

Mu da muka tashi a garin nan mun taso da raina jin daɗin mota. A zamanin ƙuruciyarmu abin da ake tambaya shi ne ƙarfin inji, da yawan buhun albasar da mota za ta ɗauka ba ta durƙusa ba. Wanda ya nemi mota mai sanyi, ko mai sitiyari mai laushi, ko mai sauya giya da kanta, sai a ce masa ya koma ɗaki ya kwanta in barci yake ji. Muna da wata al'ada kuma da har yau ba ta mutu ba. A zuba mutum biyu a kujerar gaba, na uku ya raba kujera da direba, ya ware ƙafafu sandar giya ta zauna tsakaninsu. Direba ya matsa ya manne da gambu, kafaɗa a waje, ƙugu a murɗe, ƙafar dama a karkace tana laluben birki. A haka za a kai Sakkwato, a haka za a dawo, kuma da alfahari ake yi.

Ni ba direban haya ba ne, malamin makaranta ne da ya ajiye aiki, amma na yi wannan dariya tare da masu yi. Yau da shekaru suka ja, idan aka nuna mini mota kujera nake fara zama a kai, in ji ko za ta tallafi bayana, kafin in tambayi inji. Na san dattawan direbobi da dama da suka koma haka a ɓoye. Suna kiran abin tsufa, suna jin kunyarsa. Malam Maharazu ya daɗe yana gaya musu cewa ba kunya ba ce, domin ƙafar da za ta taka birki daga kujera take samun jini.

Zan ba da shaida da abin da ya faru a gidanmu, ko da yake ba ni da abin alfahari a cikinsa.

Yayana Yari ya shekara talatin da biyar yana jan mota tsakanin Illela da Sakkwato, bai taɓa kaɗe ko akuya ba. Shekara biyu da suka wuce, da rana tsaka, ina zaune a kujerar gaba ta motarsa mun wuce Gwadabawa, sai ga garken shanu ya hau kwalta. Na jira in ji birki, ban ji ba. Na waiga, sai na ga Yari ya saki sitiyari da hannun dama, ya cusa hannun ƙarƙashin cinyarsa, ya ɗaga ƙafarsa kamar mai ɗaukar itace, ya ɗora ta a kan birki. Motar ta tsaya ƙahon wani bijimi yana gogar fitila. Fasinjojin baya suka yi salati, suka yi ta yaba masa da ƙwarewa. Ni kaɗai na ga abin da ya faru.

Da muka sauka na ja shi gefe. Na ce, "Yaya, mi na gani?"

Ya ce, "Ba ka ga komi ba. Ƙahwar ce ka mutuwa in na daɗe zaune, in na taka ƙasa sai ta dawo."

"Tun yaushe?"

"Idi, ka ruhwa min asiri. In shugabannin tasha sunka ji, sai su hidda ni layi. Mi zan zama? Tsoho mai zaman bakin masallaci?"

Na rufa masa asiri. Amma ga abin da na yi, wanda har yau idan na tuna shi a cikin salla nakan rasa raka'ar da nake. 'Yata Ummu tana karatu a Sakkwato, kuma motar baffanta take shiga duk ƙarshen mako. Sai na fara ƙirƙiro dalilai. Yau in ce ta yi sammako ta bi motar farko, gobe in ce ni zan kai ta da kaina. Na cire 'yata daga motar, na bar 'ya'yan mutane suna shiga. Wata huɗu ina tsayawa a bakin tasha ina kallon mata da goyo suna hawa, ina amsa gaisuwarsu. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara da la'asar sai in ce shi ke nan, labarin ya iso.

Ranar wata kasuwa, tashar ta cika da 'yan Ƙonni da fatake, motar Yari ce ta uku a layi. Na iso na tarar da taro a bakin motar. Malam Maharazu ya durƙusa da sifana a hannu, ya riga ya kwance ƙusoshi uku na kujerar direba, yana kan na huɗu. Yari na tsaye a kansa yana huci.

"Kai tsohon banza, wa ya aike ka? Ranar kasuwa za ka tuɓe min mota?"

Maharazu bai ɗago ba. Ya ce, "Tsohon banza ya girme ka da damina biyu, sai ka yi ladabi. Kama min nan mu kai ta rumhwa."

Masu lodi suka yi dariya, suka ɗauka wasan da suka saba ne, domin su biyun tare suka yi makarantar allo. Maharazu ya bar su a kan haka. Sai da aka ajiye kujerar a rumfa, daga shi sai Yari sai ni, sannan ya ɗauki wuƙa ya farke ledar. Babu sauran soso a gefen hagu, ya zama gari. Abin da ke ciki kwali ne da tsohon buhu da Yari ya riƙa cusawa, a ƙarƙashinsu kuma ƙarfe tsirara, ya yi ƙyalli saboda guga.

Maharazu ya ce, "Kan wanga ƙarhe kake zaune shekara da shekaru, ka ba baƙo wurin laushi. Wannan ban yi mamaki ba, duk haka kuke. Amma dubi nan." Ya nuna gefen dama na kujerar, inda ledar ta yi santsi da baƙi, faɗin yatsu huɗu. "Wanga ba sawun cinya ba ne, sawun hannu ne. Mako uku ina taɓa shi kullum sahe, yana ƙara zurfi. Yari, mi hannunka ka nema ƙarƙashin cinya kana bisa kwalta?"

Maharazu ya ci gaba.

"Na ɗinka maka sabuwa, da matashin baya, da tudu a gehe wanda ba mai iya raba ta da kai. Amma ba ta komawa cikin mota sai likita ya ga ƙahwarka, kuma sai ka hwaɗa wa shugabanni da bakinka. In ka ƙi, ga ƙarhenka, ɗauki ka tai. Ni dai hannuna ba shi cikin jinin mutane."

Sannan ya juyo gare ni, kuma wannan juyowar ce dalilin wannan rubutu. Ya ce, "Malam Idi, rumhwata tana kallon layi. Wata huɗu ban ga Ummu cikin motar baffanta ba."

Na ce karatu ne ya sauya mata lokaci.

Ya ce, "To. Ɗiyan mutane hwa? Su ba a sauya musu lokaci?"

Ya koma kan kekensa. Na yi shekara talatin ina tsayawa gaban allo ina koya wa yara gaskiya da riƙon amana, amma a wannan rumfa na tsaya ban san inda zan sa idona ba.

Malam Maharazu, kai ne ka faɗi abin da ɗan'uwa na jini ya kasa faɗi. Kai ne ka zaɓi fushin abokinka na shekara sittin a kan zaman makokin mutanen da ba ka ma san sunansu ba, kuma ka yi hakan a cikin rumfa, ba a gaban taro ba, don kada ka zubar masa da girma. Mai karanta kujera, ba ka taɓa riƙe sitiyari ba, amma Allah kaɗai ya san adadin waɗanda suka isa gida saboda tafin hannunka.

A ranar Yari ya ƙi zuwa wurin shugabanni. Ni na je, na faɗi abin da na gani a hanyar Gwadabawa, na faɗi kuma tsawon lokacin da na yi shiru. Yari ya yi damina guda bai amsa sallamata ba. Likita ya ce jijiya ce ta danne a ƙugunsa, ya yi masa magani, ya hana shi doguwar tafiya. Yanzu tsakanin Illela da Amarawa yake kai da kawo, a kan kujerar da Maharazu ya ɗinka, mutum ɗaya tak a gefensa, yana sauka ya miƙe ƙafa kafin ta fara nauyi. Samarin tasha suna kiran motar gadon amarya. Yakan ce musu, "Ku yi dariya, ƙugunku na nan yana jiranku." Ummu ta sake shiga motar baffanta bara, da za ta gaida kakarta, kuma shi da kansa ya buɗe mata gambu.

Ba Yari kaɗai ba ne. Bayan abin ya fito, wani dattijon direban layin garin Araba ya gaya mini Maharazu ne ya gano yana tuƙi da wuya a sandare, ba ya iya waigawa, daga yadda kansa ya cinye gefe ɗaya na matashin kujera. Wani ya ce Maharazu ne ya matsa masa ya gyara na'urar sanyin motarsa, bayan ya lura zufa ta ruɓar da jinginar kujerar, ya tambaye shi ko jiri na ɗibarsa a zafin bazara. Duk a cikin rumfa aka yi, ba wanda ya ji.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne watan gobe. Direbobinmu suna tsufa, hanya ba ta rage tsawo ba, kuma har yanzu ana raba kujera. Shekaranjiya bayan asuba na bi bayan Maharazu a zagayensa, na roƙe shi ya nuna mini. Na ɗora hannuna inda ya ɗora nasa, ban ji komai ba sai leda mai sanyi. Ya yi dariya ya ce, "Hannun alli ne, sai a hankali." A mota ta bakwai ya kama yatsuna ya kai su gefen dama, ya tsaya yana jira. Na ji santsin, faɗin yatsu huɗu.

Ya ce, "Ka san mai motar?"

Na ce na san shi, ɗalibina ne a da, mahaifin 'ya'ya shida.

"To ni na gaji. Wa za shi hwaɗa mashi?"

Malam Maharazu, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido da hutun da ka nema wa bayan wasu shekara talatin da takwas. Ku kuma direbobi, musamman waɗanda furfura ta fara fitowa, kada ku ji kunyar neman kujera mai laushi da sitiyari mai sauƙi, domin ba ku kaɗai ke zaune a kansu ba. Wanda kuma ya ga abin da na gani, kada ya yi wata huɗu kamar ni.

A safiyar nan mai mota ta bakwai yana wajen mai shayi, da kofi a hannunsa, fasinjoji sun fara hawa. Na taka na same shi, na ce ya zo rumfa muna da magana.