Telan da Ke Tsaga Kafaɗar Riga

Kafin shagunan layinmu su buɗe, Baba Tela ya riga ya share ƙofarsa, ya fito da dogon bencinsa, ya ninka tsohon bargo ya shimfiɗa a kai. Sai ya ɗiga wa keken ɗinki mai, ya zazzage gwangwanin maɓallai a faranti, yana ware ƙanana masu santsi waɗanda ba za su kurje fatar jariri ba. Bargon nan na yaran da wuyansu ba ya iya ɗaukar kansu ne, don uwa ta samu inda za ta kwantar da ɗanta ta hutar da hannu.

Ciwon ba ɓoyayye ba ne, mu ne muke ɓoye shi. Akwai ruwan da Allah ya kewaye ƙwaƙwalwa da shi, yana zuwa yana wucewa. Idan hanyarsa ta toshe sai ya taru. Ƙashin kan jariri bai gama haɗewa ba, don haka kan yake ta girma, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Likitoci kan sa siririn bututu a ƙarƙashin fata, ya kwashe ruwan daga kai zuwa ciki. Idan aka yi jinkiri, ruwan yana danne ƙwaƙwalwa, yana iya tafiya da gani, yana iya tafiya da rai.

Abin da mai lafiyayyen ɗa ba ya tunawa shi ne riga. Rigar kanti ba ta wuce kan irin wannan yaro. A ja, yaro ya yi ta tsala ihu, a gaji a naɗe shi da zane a tura shi ƙuryar ɗaki. Baba Tela ya taɓa gaya min cewa ƙaninsa haka ya rayu, haka ya koma ga Allah, bai taɓa sa riga ba. Shi ya sa yake tsaga kafaɗar riga tun daga wuya har hannu, ya jera maɓallai, yadda za a sa wa yaro ita ta gefe ba tare da an taɓa kansa ba. Kuma yana da doka guda: ba ya ɗinki da kwatance. A kawo masa yaron ya gan shi, ya auna shi da hannunsa a bainar jama'a.

Sakamakon da layinmu ya yi masa kuwa abin kunya ne. Masu ɗinkin biki suka janye, wai kada mai ciki ta ga yaran abin ya shafi na cikinta. Mai shayin da ke gefensa ya matsar da teburinsa, wai ana kore masa mutane. Da idona na ga wani ƙato, da gemunsa, ya ɗaga waya zai ɗauki hoton wani yaro a kan bencin. Baba Tela ya miƙe da almakashi a hannu ya tsaya tsakaninsu har ƙaton ya mayar da wayarsa aljihu. Mutanen nan kullum suna sahun gaba wajen yi wa wasu wa'azin tausayi.

Akwai wata rana da ya karya dokarsa, kuma labarin ranar ne ya sa na ɗauki alƙalami. Matar mai walda, wanda rumfarsa ke ƙarshen layi, ta zo ita kaɗai da yadi da wani zare da aka ƙulla. Ta ce a yi wa 'yarta riga mai wuyan da faɗinsa ya kai zaren. Ba ta son maɓalli a kafaɗa, domin duk unguwa an san ma'anarsa. Ya ce ta kawo yarinyar. Ta ce surukarta ta hana a fita da ita, wai musanyar aljanu ce, ana ta gasa mata kai da tsumma da ruwan zafi, ana turara ta. Ta yi ta roƙo har da hawaye. Ya karɓa, ya yi mata nasiha a kan asibiti, ya ɗinka rigar, ya rataye zaren a ƙusa.

Ba a daɗe ba ta dawo da wani zaren, rigar ta daina shiga. Ta ce yarinyar tana yawan amai, ga barci ba ƙaƙƙautawa. Baba Tela ya sauko da na farko ya jera su a kan teburin yanka. Na biyu ya zarce na farko da abin da ko makaho zai ji da yatsa. Bai yi wa matar faɗa ba, don ya san ba ita ke da iko da ƙofar gidan ba. Ya kulle shagonsa da rana tsaka, ya nufi rumfar walda.

Masu gyaran babur na wurin sun ba ni labarin yadda aka yi. Mai walda na sunkuye a kan wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Da ya ji abin da ya kawo tsohon sai ya haɗe rai.

"Baba, ka tsaya a kan allurarka. Gidana ba yadi ba ne."

"Ni ma ba likita ba ne, ɗana. Amma kai ma'auni ne sana'arka. Ga kan 'yarka na kwanan baya, ga na yau. Auna min."

Mai walda ya ce tsohuwarsa ta san abin da take yi. Baba Tela ya ce yana girmama ta, amma ya tambaye shi, in ya ga tankin da ya haɗa yana kumbura, zai turara shi ne ko zai nemi inda ya toshe? Ya ajiye masa zarurrukan a kan ƙarfen ya juya. Sun ce mai walda ya daɗe yana kallonsu, sannan ya zaro tef ɗin awonsa ya auna, ya sake aunawa, ya kashe injin walda.

Washegari da hantsi suka wuce ta layinmu za su asibiti, uban ne da kansa yake rungume da yarinyar, tafin hannunsa na tallafe da kanta, ba a lulluɓe ta ba. Kakar na biye da su tana ƙunƙuni, amma dai tana biye. Masu leƙe suka yi ta leƙe. Suka tsaya a ƙofar shago, Baba Tela ya leƙa fuskar yarinyar ya ce, "Amarya, ashe ke aka ɓoye min? To je ki dawo, kayan lefenki na nan." Likitoci suka yi mata aiki. Sun gaya wa uban cewa da an ƙara jinkiri da ganinta ya tafi.

Baba Tela, kai ne ka zauna cikin asarar masu kawo ɗinki ba ka janye bencin nan ba ko sau ɗaya. Kai ne kake kiran yaran nan ango da amarya a lokacin da danginsu ke kiransu da sunayen da ba zan rubuta ba. Ba duk wanda ka tura asibiti ne ya rayu ba, ka sani, na sani. Amma ko waɗanda suka tafi, sun tafi bayan sun sa riga kamar 'ya'yan kowa, an gan su, an yi musu wasa. Mai tsaga kafaɗa, allurarka ta yi abin da bakunanmu masu yawan wa'azi suka kasa.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ƙarshen watan nan zai rufe shago. Na bi telolin layin ɗaya bayan ɗaya ina tambaya wa zai karɓi bencin. Wannan ya ce aiki ya yi masa yawa, wancan ya ce matarsa na da ciki. Ku ji kunya. Tsaga kafaɗa da jera maɓalli ko ɗan koyo ya iya. Abin da kuke gudu shi ne a ga yaran a ƙofarku. Ku kuma iyaye, in kan jariri yana girma fiye da kima, ku ajiye tsumman gashi ku kai shi asibiti tun da wuri, kuma ku bi ta babban titi.

Makon jiya 'yar mai walda ta biyo ta shagon daga makaranta. Kanta ya fi na tsararrakinta girma har yau, tana ɗan jan ƙafa, rigar makarantarta da maɓallai a kafaɗa. Ta tarar da shi yana ta fama da zare ya ƙi shiga kafar allura. Ta karɓa, ta ɗaga allurar sama wajen haske, ta zura shi tashi ɗaya, ta miƙa masa.

"Tsoho, ka tsufa. Na fasa auren."

Ya yi dariya har yana share ido. Mun gode, Baba Tela, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Bencin da bargon suna nan a ƙofar shago, ya ce duk telan da ya shirya ya zo ya ɗauka.