Alhamis Ɗin Yaya Tela

Yayana tela ne, kuma fiye da shekara talatin bai taɓa yanke zare da almakashi ba. Almakashin na nan a gefen keke, amma sai ya kai zaren baki, ƙas! Allurai a tsakanin haƙora, fil a tsakanin haƙora, har murfin kwalbar man keke da baki yake buɗewa. Na yi magana har na gaji. Sai ya ce, “Ke dai je ki koyar da yaranki a aji, ki bar tela da sana'arsa.”

A layinsu ba mai kiransa da sunan yanka, Sai-Alhamis ake ce masa. Ka kawo yadi ran Asabar, sai Alhamis. Ka kawo ran Laraba da yamma, sai Alhamis. Kuma kowa ya san Alhamis ɗin Yaya ba ta cikin kalanda. Wanda ya san shi sai ya ƙara kwana huɗu ko biyar kafin ya leƙo. Baƙo ne kaɗai ke zuwa ranar, ya tarar ko alli ba a zana wa yadinsa ba, Yaya ya cika shi da hira har ya manta fushin da ya zo da shi.

Hirar ce ta fara mutuwa. Haƙoran gaba suka guntule ɗaya bayan ɗaya, na ciki suka rube. Mutumin da ake jin dariyarsa daga bakin titi ya koma magana da hannu a kan baki. Abinci ma ba ya ci a gaban mutane. Wallahi abin ya dame ni fiye da yadda na nuna masa.

Likitan haƙorin garinmu ya ce sai an cire ragowar duka a sa na roba. Da ya faɗi kuɗin, Yaya ya tambaye shi ko da gida ake haɗawa. Ana nan wani direban babbar mota da yake wa ɗinki ya wangale masa baki, haƙora farare tas, ya ce a ƙasar waje aka yi masa, har da kuɗin jirgi bai kai rabin na nan ba. Yaya ya sayar da keken saƙarsa, ya bar na ɗinki, ni kuma na roƙi hutun mako biyu a makaranta don in raka shi. Tikiti mai arha muka saya, irin wanda ba a canja masa rana.

Asibitin ɗan ƙarami ne, a hawa na biyu, saman wani shagon takalma. Likitan mutum ne mai sanyin hannu, ba ma jin yarensa, wata mata a teburin karɓar baƙi ce ke fassara. Aka cire ragowar haƙoran. Mako guda ina dama wa Yaya abu mai ruwa-ruwa a ɗakin masauki, yana sha yana kallon bango. Da kumburin ya sauka aka ɗauki awon dasashinsa. Ranar ina ƙasa wajen sayen magani, ya sauko shi kaɗai.

“Yaushe aka ce mu dawo?”

“Litinin,” in ji shi.

Ni kuwa na yarda. Jirginmu Talata ne, na ce to, an yi daidai. Muka zauna Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, ba abin da muke yi sai kallon talabijin da ba ma fahimta, asibitin kuma tafiyar minti goma ne daga inda muke.

Ran Litinin muka hau bene. Matar tana ganinmu ta miƙe tsaye.

“Ina kuka shiga? Likita ya jira ku ran Alhamis har aka tashi. Mun kira lambar da ya bayar, ba ta shiga.”

Ina za ta shiga, lambar gida ya rubuta musu! Ta ce likita ya tafi hutun wata guda tun ran Juma'a, saboda haka ma ya matsa aka gama aikin Yaya da wuri. Na juya na dube shi.

“Yaya, Alhamis aka ce maka?”

“An ce Alhamis.”

“To me ya sa ka ce min Litinin?”

Ya sa hannu a baki, ya yi ƙasa da murya. “Haba ƙanwata, mai aikin hannu ne fa. Baki guda cur a kwana uku? Na ce kada mu je mu tsaya masa a ka, mu ba shi kunya a gaban ma'aikatansa.”

Kunya! Na rasa ta inda zan fara. Na ce masa duniya ba shagonsa ba ce, na ce akwai mutanen da in sun ce Alhamis, Alhamis suke nufi. Na faɗi abubuwan da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, a gaban baƙi, har mai shagon takalma ya leƙo. Abin da ya fi ƙona min rai, Yaya ba ƙarya yake yi ba, da gaske tausayin likitan ya ji.

Matar ta ɗauko haƙoran a wani ɗan akwati ta ba mu. Ta ce dole likita ya gwada su a baki, ya goge inda suke cizo, in ba haka ba ba za su zaunu ba. Gaskiyarta. A jirgi Yaya ya saka su, kafin mu sauka hankicinsa ya yi ja.

Muka koma wurin likitan garinmu. Ya jujjuya haƙoran ya ce shi ba ya gyaran aikin wani, a mayar inda aka yi. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga Yaya yana gyaɗa kai. Maganarsa ce, da ita yake korar duk wanda ya kawo masa rigar da wani tela ya ɓata.

Yanzu haƙoran na cikin gwangwanin maɓallai, kuɗin komawa kuwa babu.

Alhamis ɗin da ta wuce na biya shagon bayan an tashi makaranta. Na tarar da riguna bakwai a rataye, an goge su, kowace da takardar mai ita. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba.

“Na yau ne,” in ji shi. “Duk na gama.”

“Masu su fa?”

“Ba wanda ya zo.”

Na zauna a benci muka jira tare har rana ta yi sanyi. Ko mutum ɗaya. Can ya ja wani yadi ya ɗinka gefe guda, ya ɗaga zaren ya kai baki kamar kullum. Zaren ya zame a dasashi, ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Bai dube ni ba.

“Miƙo min almakashin nan,” ya ce.