Attahiru Mai Wankin Hula da Fumfunar Bango

Ranar sunan jikan Alhaji Ziyad, Attahiru mai wankin hula ya shiga taro da farar riga sai ƙamshi yake, yana miƙa wa mutane hannu ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya wuce sai a yi shiru, can sai dariya ta ɓarke a bayansa. Ashe kafin ya fito ya jingina da bangon ɗakin aikinsa yana sa takalmi, fumfuna ta kwanta masa baƙa ƙirin daga kafaɗa har kwankwaso.

Ɗan'iya, maƙwabcinsa mai facin taya, shi ya taimaka masa da sanarwa: "Atu, gawayi ka koma sayarwa ba mu ji ba?"

Attahiru ɗan Fakku ne. Tun yana saurayi ya ƙi sandar kiwo, ya tafi Tambuwal ya koyo wankin hula, ya zo Kebbe ya zauna. Shekara ashirin da biyu yana abu ɗaya: ya jiƙa, ya goge da buroshi, ya sa sitati, ya ɗora hula kan kututturen itace ta bushe tana tsaye ƙyam. Duk wata hular zanna mai daraja a garin ta san hannunsa. Mutum ne da ko ƙuda ya sauka kan tabarmarsa sai ya kakkaɓe wurin.

Da ubansa ya rasu, bijimi biyu suka faɗo masa gado. Ya sayar, ya rushe rumfar karan da yake aiki a ciki, ya tayar da ɗakin bulo a gurbinta, aka shafe da siminti ciki da waje. Taga ɗaya tal, ita ma kullum a rufe, wai kada ƙura ta taɓa hulunan mutane.

Damina ta biyu baƙin ya fito daga gindin bango, ɗigo-ɗigo kamar kashin ɓera. Ya wanke da sabulu. Bayan kwana huɗu ya dawo, har da 'yan'uwa. Ya sa toka, ya sa kanwa, ya sa kananzir har matarsa Kulu ta daina kai masa abinci ciki. Ya shafa farar ƙasa, baƙin ya leƙo ta ƙarƙashi. Kuma da yake Attahiru ba ya son ɓarna, da ragowar ruwan wankin hula yake wanke bangon, mai sitati a ciki.

Bayan abin da ya faru wurin suna, mutane suka fara juya hulunansu suna shinshina ciki. Wari ne kamar na buhun da ruwa ya doka. Alhaji Ziyad ya zo da kansa ya kwashe nasa guda tara, biyu da ɗigon baƙi a baki. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Allah shi kyauta, Malam Attahiru," kuma wannan ta fi zagi ciwo. Kafin Juma'a biyu, kututturan suna jere a ƙasa, kawunansu tsirara.

Sai ya hau babur, ya sha ramukan hanya har Dogon Daji, ya ɗauko wani magini, Gazali. Gazali ya dafa bangon, ya duba tafin hannunsa, ya zagaya baya ya tsaya kan kwatar da Attahiru ke zubar da ruwa tun zamanin rumfa.

"Baba, ƙasar wurin ga ta sha ruwa ta ƙoshi, bango shina tsotsa. Kuma kai da hannunka kake ba abin ga abinci. Sitati kake shafa mashi kullum."

"To mi za a yi?"

"A goge da bilic, ruwan ga mai cire tabo, da buroshin ƙarfe, a buɗe taga, a bar shi ya sha iska. Amma in dai ana wanki nan, gobe ma sai ya dawo."

Attahiru ya juya ya dubi ɗakin. Wurin nan ne kawai yake da shi. Bijimai sun tafi, gonar Fakku tana hannun ƙannensa, gwiwa kuma ta daina yarda da fartanya.

Ya yi yadda aka ce. Kwana uku yana gurzar siminti da tsumma ɗaure a hanci, idanu na zubar ruwa, fatar yatsunsa ta saɓule. Ya daina wanki a wurin. Bango ya bushe, ya yi fes. Hula ko ɗaya ba ta dawo ba, don masu ita sun saba aikawa Tambuwal da direbobi.

Yana zaune bakin ƙofa da bokiti a gabansa, yana kallon ɗakin da ba komai ciki sai tsabta, Ɗan'iya ya leƙo, baƙin mai har wuya.

"Atu, an ce ka koma wankin bango. Nawa kake wanke ɗaki guda?"

Attahiru ya dube shi sama da ƙasa.

"Bangon ga ya ga ruwa da sabulu sau talatin bana. Wuyanka fa, sau nawa? Matso nan, akwai sauran bilic."