Takabar da Iya Ta Ƙi Yi

A shekarun farin nan da ruwa ya riƙa ɗaukewa gero yana shirin fitar da kai, ina aji biyar a firamare, muna zaune a ƙauyenmu da ke gabas da Bagwai. Tuwon dare ya zama sai an yi sa'a. Yawanci kwaɗon rama ne da kunu tsululu, a sha a kurkure baki. Da an idar da sallar magariba sai mu yara mu tattaru a ƙofar ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, inda take hura 'yar wutar kara tana gasa ƙafafunta masu ciwon sanyi. Sunanta Hanne, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Tatsuniya take yi mana har mu manta cikinmu bai cika ba, tana canza murya, tana zungurin wanda ya fara gyangyaɗi da kara.

Wata rana na dawo daga makaranta kaina ya kumbura da sabon karatu. Malaminmu ya rataye taswira ya ba mu labarin yaƙin duniya na biyu. Tun kafin Iya ta buɗe baki na riga ta.

"Iya, yau ni zan ba ki labari. Turawa sun yi wani yaƙi, a sama da jiragen sama, a teku da jiragen ruwa, a ƙasa da tankoki. Har a cikin hamada sun gwabza, har a cikin ƙanƙara."

"Turawa," in ji ta. "Su kaɗai ya ce maka, maigida?"

"Su kaɗai mana. Ai yaƙinsu ne."

Ta jefa karan da ke hannunta cikin wuta da ƙarfi har tartsatsi ya tashi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"To ku gyara zama. Ta yau ba ƙirƙirarta aka yi ba, kada wanda ya amsa mini kamar yadda kuka saba."

Ta ce lokacin tana da goyon babanmu, wanda ba ta faɗar sunansa saboda ɗan fari ne. Da kaka, ana tsakar yankan dawa, aka aiko wa dagaci cewa Bature yana son majiya ƙarfi daga kowane gari. Dagaci bai taɓa gidansa ba, bai taɓa gidan surukansa ba. Ya bi gidajen da ba su da kowa a fada. Kakanmu Sale maraya ne, shi kaɗai uwarsa ta haifa, ba shi da komai sai gonar da ubansa ya bar masa. Aka same shi a gonar aka ce aikin hanya za su yi a birni, wata guda su dawo.

"Ko ruwa bai shigo ya sha ba," in ji Iya. "Laujensa aka kawo mini."

Su huɗu aka ɗauka daga garin. Daga baya aka ji an kai ɗaya Habasha, an kai ɗaya wata hamada wajen Masar. Na ukun har yau ba wanda ya san inda ƙasa ta rufe shi. Kakanmu kuwa ƙasar Bama aka kai shi, can gaba da Indiya.

Abin da ya gani bai ba ta labarinsa a zama ɗaya ba. Gutsi-gutsi ta tsinta cikin shekaru. Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, aka loda su a cikin jirgin ruwa kamar buhunan gyaɗa. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin gulbi ba ya yi makonni ba ya ganin tudu. Aka hana su kunna ko ashana, wai akwai jiragen abokan gaba da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa suna farauta. Bai san inda alƙibla take ba, sai ya kalli inda zuciyarsa ta ba shi ya yi salla. A Bama ba bindiga aka fara ba shi ba, gammo aka ba shi. Inda mota ba ta shiga, inda alfadari ya gaza, nan ake ɗora musu akwatunan harsashi a ka, su hau duwatsu cikin ruwan sama da ba ya tsayawa. Abinci daga sama jirgi yake jefo musu da lema. Ran da hadari ya hana jirgi zuwa, su kwana da yunwa. Wani jirgin kuma ba abinci yake kawowa ba, wuta yake zubarwa, kuma tun daga nesa ba a bambance ƙararsu.

"Ku gaya mini," in ji Iya, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, "mutanen can da aka ce ya je ya yaƙa, akuyarsa suka sata? Ko gaisuwa ta taɓa haɗa su?"

A gida kuma abubuwa suka tsananta. Gishiri ya yi wuya, yadi ya ɓace a kasuwa, aka matsa wa mutane su noma gyaɗa saboda yaƙi. Iya ta riƙa surfe da kaɗi tana ciyar da kanta da ɗanta da surukarta. A damina ta biyu dagaci ya aiko ƙanensa. Ya tsaya a zaure ya ce labari ya zo Sale ya rasu, sai ta shiga takaba. Gona kuma, tunda ba mai noma ta, ta koma hannun dagaci kamar yadda aka saba.

"Na ce masa wa ya wanke shi? Wa ya sallace shi? Ku kawo mini mutum ɗaya da ya ga gawarsa, yau zan kwance kitso. Ya ce ke yarinya ce, ba kya jayayya da manya. Na ce to ba zan yi ba."

Ba ta yi ba. Mata suka riƙa zunɗenta a bakin rijiya, danginta suka zo su tafi da ita ta ƙi. Amma gonar ta tafi. Ƙanen dagacin ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya haɗe ta da tasa.

Bayan damina huɗu, ana sallar la'asar, sai ga kakanmu da ƙafarsa, cikin kaki, yana ɗingishi, kunnensa ɗaya ya mutu. An ba shi wata lamba ta ƙarfe da takalma. Dagaci ne ya fara fitowa tarbarsa, yana cewa ɗanmu ya ɗaukaka sunan gari.

Iya ta ce ta bari ya huta kwana bakwai, sannan ta gaya masa zancen gona, tana jiran ya sa kakinsa ya tafi ƙofar dagaci. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ya ce mini, Hanne, na ga tudun da aka kashe mutane a kansa har ba wurin taka ƙafa. Da muka ƙwace shi, kwana biyu muka yi muka tashi muka bar shi. Ni kam na gama faɗa a kan ƙasa. Ni kuwa da na ji haka, wallahi na ji haushin kakanku fiye da na dagaci."

Ta haƙura har ruwan shuka ya sauka. Da hantsi, gari duk yana gona, ta ɗauki sungumi da ƙwaryar iri ta fita, ita da ba a taɓa gani a gona ba. Ta je daidai inda gambar take da, ta fara sara tana zuba gero tana rufewa da diddige. Mutane suka ajiye aiki suka taru. Ƙanen dagaci ya zo da gudu.

"Ke, haukacewa kika yi? Gonar wa kike shukawa?"

"Gonar mamaci. Ga shi can zaune a ƙofar gida. Je ka gaya masa ya mutu."

Can sai ga kakanmu yana jan ƙafa. Bai kalli kowa ba. Ya karɓi sungumin daga hannunta ya shiga gaba yana sara, ita tana bin sa da iri, har suka kai ƙarshen kunya suka juyo.

Muka fara murna, ƙanwata har da tafi. Iya ta daka mata tsawa.

"Tafin me? Dattawa suka zauna suka ce a yi sulhu. Rabi suka ba shi. Rabin abin da ubansa ya bar masa, kuma aka ce ya je ya yi godiya. Ya je. Ku tashi ku ba ni wuri."

Na daɗe ina ganin kakana rago ne. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni, sai na riƙa auna shi da ma'aunin Iya. Sai da na girma, na ga tashin hankali guda ɗaya tak da idona a birni, na ga yadda mutum yake komawa idan an gama da shi, sannan na daina. Mutumin da ya yi shekaru yana tsallake gawarwaki yana da haƙƙin ya ce ya gaji. Na yafe masa godiyar da ya je ya yi, duk da ba ni ya yi wa laifi ba.

Sauran kuwa ban yafe ba, kuma ba na jin Iya ta ba mu labarin don mu yafe. Waɗanda suka ja yaƙin suna can nesa, ba su san sunansa ba balle su tsane shi. Wanda ya nuna shi da yatsa, ya kashe shi da baki, ya cinye gonarsa, a sahu ɗaya suke salla. Jikokin dagacin suna nan, mutanen kirki ne, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Amma duk ran da aka tara mu a ƙofar wani babba aka ce ana neman mutane daga kowane gida don wani aikin da ba a fayyace ba, ni ne tsohon da ke miƙewa ya tambaya: daga gidanka wa za shi?