Yadda Muka Ɗauko wa Inna Irin Gero daga Madarunfa

Ana idar da sallar asuba muka fito da kekunanmu daga Katsina, ni da taubashina Ɗanladi. Lokacin Ingilishi na mulkinmu, Faransi na mulkin 'yan'uwanmu na Maraɗi, saura 'yan shekaru su tattara nasu ya nasu. Ni tela ne, shi kuwa mai sayar da turare, kuma ko daga kekensa ka gane: madubi biyu, tuntaye ja da kore, ƙararrawa har biyu, sai ka ce amarya zai ɗauko.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba, ko da yake mun buɗe shi. Innata na da wani irin gero da ta taho da shi daga gidan ubanta, mai doguwar zangarniya da gashi, wanda tsuntsu ba ya iya ci. Shekara da shekaru shi take shukawa a gonarta ta bayan ganuwa. A ranin shekarar nan gobara ta tashi a maƙwabta ta lashe rumbunta, har da irin. Na kawo mata wani daga kasuwa, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ba abinci nake wa kuka ba," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage mini na Baba."

Mutum ɗaya ya saura mai irinsa, wanta Kawu Barmo, can bayan tafkin Madarunfa a ƙasar Faransi. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwan shuka ya sauka ba iri a hannunta an yi asarar shekara, Inna kuwa ba ta da shekarun zubarwa.

Katsina zuwa Jibiya

Tafiyar mil talatin ce ko kusa, jar ƙasa mai gargada. Da yake kakar gyaɗa ta wuce, sai ka daɗe ba ka gamu da mota ba. Ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar keke da kukan kurciya, sai kuma surutun Ɗanladi, wanda ba ya ƙarewa. Hagu da dama manoma na ta sassabe, ana tara kara ana ƙonawa, jakuna na kai taki a mangala, shanun Fulani na kwance a inuwar gawo. Kowa muka wuce sai ya ɗaga fartanya ya yi mana barka da tafiya. Wallahi na ji daɗin hanyar nan, har na manta da ciwon bayan da keken ɗinki ya sa mini.

Da hantsi muka sauka Daddara muka sha fura da nono a gindin tsamiya. Ni mutum ne mai tsiya a kan fura. Da ta geron Inna na tashi, saboda haka kowace na sha sai in ji ta salam. Na faɗa, mai furar ta ji.

"To ka koma Innarka ta dama maka mana," ta ce. Ta juya ga Ɗanladi: "Kai kuma ango, ina amaryar?"

"Ga ta nan tana ƙorafin fura," in ji shi, yana nuna ni.

Daga Magama rairayi ya kama mu, muka riƙa sauka muna turawa. Bayan la'asar muka shiga Jibiya. Gulbi ya ƙafe, mata na tona yashi suna kwalfar ruwa, Buzaye sun durƙusar da raƙuman kanwa a bakin kasuwa. Muka sauka wurin wani mai facin keke, ya liƙe mini tayar baya, ya ba mu tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa.

Ƙetare iyaka

Da safe ɗan kwastan ya duba lasin kekunanmu, ya ce me za mu sayo. Na ce gero. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Daga Katsina? Geron duk ƙasar nan bai ishe ku ba?"

A Ɗan Isa kuma sai duwan, wato kwastan ɗin Faransi. Wani dogo mai jar hula ya zagaye keken Ɗanladi, ya kaɗa ƙararrawar duka biyu, ya duba haƙoransa a madubi, sannan ya ce mu wuce.

"Amma ku kiyaye, nan ba Ingilishi ba ne. Hannun dama aka bi, ba hagu ba."

"Jakunan ƙasar nan fa, an gaya musu?" in ji Ɗanladi.

Ba mu yi nisa ba ya manta ya koma hagu, sai ga wata mota daga Maraɗi ta yo kansa. Ya faɗa gona, shi da tuntayensa. Da ya tashi, madubi ya fara dubawa kafin gwiwarsa.

Madarunfa

Tsohon gari ne mai kwarjini. Ga tafki shimfiɗe cikin tsakiyar rani, masunta na shanya kifi, ga kaburburan waliyyai da ake zuwa ziyara daga nesa. Muka tsaya muka yi addu'a, muka zagaya ta bayan ruwan zuwa ƙauyen Kawu.

Kawu Barmo ya tsufa ƙwarai, amma da ya ji abin da ya sami ƙanwarsa bai bari kowa ya hau masa rumbu ba. Da kansa ya hau, ya sauko da ƙaramin dami, ya naɗe shi a tsohuwar tabarma, ya ɗaure mini a kariyar bayan kekena.

"Rabin irina ke nan, ɗana. Abin da ya saura, in na taɓa shi ni ma ba ni shuka bana. Ka ce ma ƙanwata ta riƙe shi da kyau, mu biyu muka rage."

Washegari za mu tashi, sai na ga Ɗanladi ya zare zangarniya biyu ya ɗaure su a kan kekensa, ɗaya dama ɗaya hagu, gashinsu na kaɗawa. Raina ya ɓaci.

"Kai, iri ne wannan, ba kayan kwalliya ba! Mayar da su!"

"Haba Tela, dubi yadda suka yi wa keken kyau. Ladan rakiya ne."

Tun daga nan har muka sake ƙetare iyaka ina zaginsa yana kaɗa mini ƙararrawa. Taubashi ne, ba yadda zan yi da shi.

Farfaru

Muka ratse Farfaru don mu gai da Malam Ila, aminin marigayi babana. Rana ta take sosai. Malam Ila ya rungume mu, ya tura kekena cikin gida don kada rana ta fasa taya. Ɗanladi ya ƙi ba da nasa, ya jingine shi a lungun zaure, wai ba ya iya barci in ba ya ganinsa. Muka yi azahar muka miƙe a tabarma. Cikin barci ina jin sussuka, can kuma na ji daka har da lugude, na ce a raina mutanen ƙauye akwai karamci.

Bayan la'asar uwargidan, Gwaggo Hajo, ta kawo mana fura a ƙwarya da kanta. Na kai ludayi baki. Subhanallahi! Na sake kaiwa.

"Gwaggo, ai wannan ita ce fura! Rabona da irinta tun kafin gobarar gidanmu. Sak ta Innata!"

"Ai geronka na da kyau, ɗana," ta ce. "Sai dai gashi, duk ya soke mana hannu wajen sussuka."

Ludayin ya tsaya a hannuna.

Ashe al'adarsu ce tun zamanin fatake: matafiyi in ya sauka da hatsi a kayansa, guzurinsa ne, matan gida su ɗauka su daka masa ba sai ya roƙa ba. Barinsa ya roƙa ma abin kunya ne. Ni ɗan birni ban sani ba, ban kuma ce wa kowa iri ne ba. Ta dake shi tas, ta dama mana wannan, sauran ta cura mana don hanya.

Na shiga cikin gida ba ko sallama, na durƙusa a masussuka ina tona ƙaiƙayi. Kaji sun riga ni. Na ji kamar in kurma ihu, to amma wa zan yi wa? Tsohuwa ta sha wahala don ta girmama ni. Da Malam Ila ya ji labari ya dafe kai yana salati, Gwaggo Hajo ta fashe da kuka, ni da aka yi wa ɓarna na koma ina ba ta haƙuri. Komawa wurin Kawu ba ta taso ba, ya riga ya faɗa mini. Na dawo zaure na zauna, ina tunanin da wane ido zan dubi Inna.

Sai na ji ƙararrawa, ƙirrin, ƙirrin. Na ɗago da niyyar in ci mutuncinsa. Ɗanladi na tsaye ya jawo kekensa tsakiyar zaure, zangarniyar nan biyu na lilo a kansa.

"Tela, kayan kwalliyar nan, har yanzu in mayar?"

Ban san lokacin da na rungume shi ba, shi da keken. Sannan ya zauna ya shanye furar, wai kada a yi asara biyu.

Komawa gida

Da asuba muka kama hanya. Na kwance zangarniyun na naɗe a rawanina, na sa cikin riga a ƙirji. Gashin na ta suka ta, ban damu ba. Ko akuya na hango sai in kauce mata. Hadari ya biyo mu tun daga Daddara, iska na tura mu, Ɗanladi na waƙa.

Inna na zaune a tsakar gida muka shiga. Ta dubi kariya, ba komai. Na durƙusa na zaro zangarniya biyu na miƙa mata, na ba ta labari duka, ban rage ba. Ta daɗe tana shafa gashinsu, ta kai hanci ta shinshina. Ina jiran faɗa, sai ta ce:

"Furar, ka sha?"

"Na sha, Inna."

"Yaya ka ji ta?"

"Wallahi sak taki."

"To alhamdu lillahi, iri bai canja ba."

Da hannu ta murje su a faifai, ba ta yarda ko ƙwaya ta faɗi ba. Kwana kaɗan ruwa ya sauka, ta shuka 'yan kunyoyi a tsakiyar gona, ta yi musu shinge da ƙaya. Allah ya sa albarka. Da kaka ba ta bari an daka ko zangarniya ɗaya ba. Ta raba geron biyu, ta ɗaure rabi ta ce in kai wa Gwaggo Hajo, don kada irin Baba ya sake kwana a rumbu ɗaya.

"Wannan karon ka buɗe baki tun daga ƙofar gida," in ji ta.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Kawu Barmo da ya raba irinsa biyu, da mutanen Farfaru. Ɗanladi kuwa har ya tsufa bai sake biyan kuɗin ɗinki ba, ni ma ban sake cewa uffan a kan kwalliyar kekensa ba.