Direban da Ya Ƙi Barin Tsohon Titi

Shekarunsa sittin da ɗaya, ashirin da uku daga ciki ya yi su a bayan sitiyarin wata ƙaramar bas mai kujera goma sha huɗu. Hanyarsa ɗaya ce: daga tashar kasuwa, ta tsohon titi, zuwa ƙofar asibiti. A tasha Kawu ake ce masa, har da waɗanda suka girme shi.

Fasinjojinsa ba sa cewa akwai sauka, ya san ƙofar kowa. Idan kujerar wani ta yi kwana biyu babu shi, Kawu zai tambaya da ƙarfi, kafin a kai shataletale an san ko ciwo ne ko tafiya. A cikin motar aka samo wa ɗan mai wanki aikin gadi. A ciki aka sasanta tela da maƙwabcinsa kan kwata, don Kawu ya zaunar da su kujera ɗaya ya ƙi tsayawa.

Watan jiya ƙungiyar direbobi ta mayar da kowace mota sabon titi, mai faɗi, marar ramuka. Daga tsohon titi zuwa can tafiyar minti goma sha biyar ce ga mai ƙafa. Gwaggo mai matsanancin ciwon gwiwa, wadda ke ganin likita duk Talata, ba ta cikin masu ƙafa. Haka wani malamin makaranta mai ritaya da ba ya gani sosai.

Kwana huɗu Kawu ya yi biyayya. Matarsa ta ce ko abinci a tsaye yake ci, ya zauna ya tashi, ya leƙa waje. A na biyar ya karya kan mota ya shiga tsohon titi.

"Au, kana raye?" in ji Gwaggo da ta gan shi. "Ni har na fara yafe maka."

"Hau a hankali, amaryata, kada ki ɓalla min ƙofa."

"Wannan ƙofar? Da igiya fa ka ɗaure ta."

Sabbin fasinja masu sauri suka kai ƙara. Shugaban ƙungiya, wanda Kawu ne ya koya masa tuƙi, ya kira shi ofis.

"Kawu, don Allah kada ka sa ni abin kunya. In ka sake, dole in cire ka daga layi."

Wanda aka cire daga layi ba ya lodi a tasha, kuma a shekarun Kawu babu wata tashar da za ta karɓe shi. Ya roƙi a bar masa sawu ɗaya kacal da safe ta tsohon titi. Shugaba ya ce sai kwamiti ya zauna. Sau biyu ana ɗage zaman.

Yau Talata. Da ƙarfe bakwai ya cika mota, ya juyo ya ce wa fasinja, "Mai sauri ya sauka tun yanzu, ga wata a baya." Mutum uku suka sauka. A shataletale ya kunna sigina ta hagu, wajen tsohon titi, a gaban jami'in ƙungiya.